Kiwon Tsaka-damisa a Gida: Dangantakar Mazauni, Zafi da Ƙarin Sinadaran Abinci

Tsakure

Tsaka-damisa, wadda masana kimiyyar dabbobi ke kira Eublepharis macularius, tana cikin dangin ƙadangaru da aka fi kiwatawa domin sha'awa a gidajen Turai da Amurka da Japan. An yi mata shaidar sauƙin kiwo, kuma wannan shaidar ce ta fi cutar da ita, domin akasarin larurorin da ke kai ta gaban likitan dabbobi daga kuskuren kiwo suke tasowa. Wannan maƙala ta yi bayanin asalin dabbar, sannan ta bi yadda ake tsara mata mazauni da samar mata da zafi da ƙara wa abincinta sinadarai. Manufar ita ce a nuna cewa waɗannan abubuwa uku sarƙa ɗaya ce, wadda ƙarshenta yake ɗaure a ƙashin dabbar.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san tsaka, sai dai sanin bai zo da ƙauna ba. Tsakar da ya sani ita ce mai manne wa bango da rufin ɗaki, wadda camfi ya ɗora mata dafi da jawo ciwon fata idan ta taɓa abinci ko ruwan sha. Saboda haka jin cewa akwai ƙasashen da ake sayen wani nau'in tsaka da kuɗi, a gina mata ɗaki na gilashi, a riƙa auna zafinsa da na'ura, zai iya zama abin mamaki ga mai karatu. Abin lura shi ne, ko a ƙauyukan Pakistan, inda wannan dabba take zaune tun asali, an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin mai mugun dafi, alhali ba ta da shi ko kaɗan.

Da yake dabbar baƙuwa ce a ƙasar Hausa, ba ta da suna a harshen. A nan an kira ta tsaka-damisa, saboda ɗige-ɗigen baƙi da ke bisa jikinta mai ruwan ɗorawa, irin zanen damisa. Ɗige-ɗigen ne kuma suka ba ta rabin sunanta na kimiyya, domin macularius daga kalmar Latin mai ma'anar tabo aka samo shi. Masanin dabbobi ɗan Ingila Edward Blyth ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1854.

2.0 Asali da Siffa

Mazaunin tsaka-damisa ya haɗa da Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya da wani yanki na Iran. Ana yawan cewa dabbar hamada ce, kuma wannan furuci ya haddasa ɓarna mai yawa, domin da zarar an ce hamada sai mutum ya hango tudun rairayi irin na Sahara. Inda take rayuwa ba haka yake ba. Ƙasa ce busasshiya mai tauri, ta yumɓu da tsakuwa, mai duwatsu da gajerun ciyayi. Da rana tana ɓoye a cikin tsagar dutse ko rami, inda akwai sanyi da ɗan danshi, sai almuru ta fito farauta, ta koma da sassafe. Idan hunturu ya yi tsanani, takan shige can ƙasa ta daina cin abinci har tsawon makonni.

Abubuwa biyu ne suka raba ta da tsakar bango. Na farko, tana da fatar ido mai motsi, tana ƙiftawa, tana rufe ido in za ta yi barci. Tsakar bango kuwa idonta a buɗe yake kullum, da harshe take goge shi. Daga nan aka samo rabin sunan na farko, Eublepharis, wanda a Girkanci yake nufin kyakkyawar fatar ido. Na biyu, yatsunta ba su da tafin nan mai mannewa, sai ƙananan farata, don haka ba ta iya hawa gilashi ko bango mai santsi. A ƙasa take tafiya. Tana da 'yar'uwa ta kusa a Afirka ta Yamma mai suna Hemitheconyx caudicinctus, wadda ake samu a dazuzzukan sabana tun daga Sanagal har zuwa Kamaru, ita ma da fatar ido da jela mai kauri, sai dai ta fi son laima.

Babbar tsaka-damisa tana kai santimita 18 zuwa 25 tun daga hanci har ƙarshen jela, namiji ya ɗan fi mace girma, nauyinta kuma yakan kama daga giram 45 zuwa 80. Jelar ita ce rumbunta: a nan take tara kitse domin lokacin rashi, kuma da kallon kaurin jelar ake fara gane lafiyarta. Idan abokin gaba ya kama ta ta jela, takan tsinke jelar da kanta ta tsere. Wata takan fito, amma gajera, kumburarriya, da guringuntsi a ciki maimakon ƙashi, kuma kafin ta fito dabbar ta yi asarar ajiyarta. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ɗaga ta ta jela. A hannun mai kula sosai tana yin shekara 15 zuwa 20, wasu ma su wuce. Wanda ya saya wa yaro ɗan firamare, ya sani mai yiwuwa ne yaron ya gama jami'a dabbar tana nan.

Kusan duk waɗanda ke kasuwa a yau a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su, kuma shekarun da aka yi ana zaɓen iri sun fitar da launuka barkatai, ciki har da zabiya iri uku da ake kira Tremper da Bell da Rainwater. Neman launi bai tafi salin-alin ba. Irin da ake kira Enigma yana zuwa da larurar jijiya mai sa dabbar ta riƙa karkata kai tana kewaya wuri ɗaya, irin Lemon Frost kuma yana yawan fitar da ƙari a fata. A shekarar 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis suka danganta wannan ƙari da ƙwayar gado mai suna SPINT1. Irin waɗannan larurori babu kiwon da ke gyara su, gudunsu kawai ake yi tun wurin saye.

3.0 Mazauni

Tsohuwar shawara ita ce akwatin gilashi mai tsawon kimanin santimita 75 ya wadatar da babba guda. Masu kiwo na yanzu sun fi karkata ga mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45. Ba batun tausayi kaɗai ba ne. A ƙaramin akwati ba zai yiwu a samu gefe mai zafi da gefe mai sanyi a lokaci ɗaya ba, kuma kamar yadda za a gani a gaba, wannan bambanci shi ne ginshiƙin kiwon baki ɗaya. Faɗin ƙasa ya fi tsayi muhimmanci, tunda dabbar ba mahayiya ba ce. Akwatin da ake buɗewa ta gaba ya fi wanda ake buɗewa ta sama, domin hannun da ya sauko daga bisa, a wurinta, bai da maraba da shaho.

Ita kaɗai ake ajiyewa. Maza biyu za su yi faɗa har rauni, namiji da mace kuwa zai dame ta da barbara ta yi ta ƙwai har ta ƙare. Ko mata biyu ne, sau da yawa ɗaya takan mamaye wurin ɗumi da abinci, ɗayar ta riƙa ramewa a hankali ba tare da an ga faɗa ba. Sabuwar da aka kawo gida inda akwai wasu, a keɓe ta na wasu watanni da kayan aikinta daban, saboda wata ƙwayar cutar hanji mai suna Cryptosporidium varanii, wadda ke tsotse dabbar har jelarta ta koma kamar tsinke, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana kawar da ita.

A cikin akwatin ana bukatar maɓoya aƙalla uku: ɗaya a gefen zafi, ɗaya a gefen sanyi, da ta uku mai danshi. Biyun farko suna ba dabbar damar zaɓar zafin da take so ba tare da ta fito fili ba, domin idan maɓoya ɗaya ce tak, za ta zaɓi ɓuya a kan ɗumi, ta zauna cikin sanyi abinci na ruɓa a cikinta. Ta ukun ita ce aka fi mantawa. Ƙaramin mazubi ne mai murfi da ƙofa a gefe, a zuba jiƙaƙƙiyar gansakuka ko takardar goge hannu a ciki. Iskar akwatin gaba ɗaya busasshiya ake so, laimarta tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, amma a cikin wannan mazubi sai ta ninka haka. Shi ne madadin ramin da take shiga a daji.

Amfaninsa yana bayyana lokacin saɓa. Ƙarama mai girma takan yi saɓa kusan kowane mako ɗaya ko biyu, babba kuma bayan wata ɗaya ko biyu. Jikinta yakan yi fari-fari, sannan ta ja tsohuwar fatar da baki ta cinye. Idan babu danshi, fatar takan maƙale a yatsu, ta bushe ta ɗaure su kamar zobe. Saɓa ta biyu ta hau kan ta farko, jini ya daina kaiwa, yatsan ya bushe ya faɗi. Tsaka-damisa mai guntayen yatsu ba abin nema ba ce a wuraren da ake karɓar dabbobin da aka yasar, kuma abin da zai hana hakan bai wuce mazubin roba da 'yar gansakuka ba.

Batun shimfiɗar ƙasa kuwa ya daɗe yana raba kan masu kiwo. Zallar rairayi, musamman wanda ake sayarwa da sunan rairayin kalsiyam, ya yi ƙaurin suna wajen toshe hanji, domin dabbar da jikinta ke neman kalsiyam takan riƙa lasar sa da gangan. Wannan ya sa wasu suka haramta duk wani abu mai warwatsuwa, suka koma takarda ko tayil. Wasu kuma suna haɗa ƙasar noma marar taki da rairayi, kashi bakwai da kashi uku, su danne ta ta yi tauri irin ta mazauninta na asali, domin ta samu wurin tono. Hujjarsu ita ce lafiyayyar dabba mai isasshen zafi da ruwa tana fitar da 'yar ƙasar da ta haɗiya, toshewa kuwa alama ce ta wani kuskuren daban. Hujjar tana da ƙarfi, amma ta dogara ga cewa komai ya daidaita, abin da sabon mai kiwo ba zai iya rantsuwa a kai ba. Ga ƙarama da marar lafiya da sabuwar zuwa, takarda ta fi, ko don a ga kashinta a sarari. Dabba ce mai tsabta: lungu ɗaya take zaɓa ta riƙa bayan gida a nan.

4.0 Zafi

Jikin mutum ko akuya yana ƙona abinci ya samar da ɗuminsa. Jikin tsaka ba ya yin haka. Daga waje take aro zafi, ta hanyar matsawa daga wuri zuwa wuri. Narkar da abinci, yaƙi da cuta, saurin motsi, duk suna tafiya ne gwargwadon zafin da jikinta ya ɗauka. Ke nan aikin mai kiwo ba ɗumama dabbar ba ne, shimfiɗa mata matakan zafi ne ta zaɓa da kanta. A gefe ɗaya, saman wurin kwanciya ya kai digiri 31 zuwa 34 a ma'aunin Salshiyas. A ɗaya gefen, iska ta tsaya tsakanin 22 da 26. Da dare babu laifi zafin ya sauka zuwa wajen 18, hasali ma haka ya fi kama da abin da ta saba.

Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ita ce 'yar tabarmar lantarki da ake mannawa ƙarƙashin akwati, ta rufe kimanin sulusin ƙasansa. Shekara da shekaru ita ce abin dogaro, bisa tunanin cewa dabbar dare ta ciki take ɗaukar zafi. Rauninta shi ne ƙasa kawai take ɗumamawa, iska na nan da sanyinta, kuma idan shimfiɗar ta yi kauri zafin ba ya ratsowa. Ta biyu ita ce ƙwan halojin daga sama, a ajiye faffaɗan dutse a ƙarƙashinsa. Dutsen ya sha zafi da rana, ya ci gaba da fitar da shi bayan an kashe fitila, daidai lokacin da dabbar ke fitowa. Wannan ya fi kusa da yadda rana da duwatsun ƙasarta suke yi mata, kuma shi ya sa ra'ayi yake ta komawa can.

Ko wacce aka zaɓa, dole a haɗa ta da na'urar ƙayyade zafi, mai katse wuta idan an kai mizanin da aka sa. Tabarmar da ba ta da wannan na'ura tana iya zarce digiri 40, kuma dangin ƙadangaru ba su da saurin janye jiki daga abin da ke ƙona su sannu a hankali. Sai dai a ga ciki ya saɓule. Dutsen roba mai waya a ciki, wanda shaguna suka daɗe suna sayarwa, saboda haka ne likitocin dabbobi suke hani da shi. Awo ma yana da nasa ƙa'ida. Ma'aunin agogo da ake mannawa a jikin gilashi zafin iskar sama yake nunawa, in ma ya nuna daidai. Abin da ake bukata shi ne zafin inda cikin dabbar yake taɓawa, wanda ake aunawa da ma'auni mai waya ko da irin bindigar auna zafi da aka saba gani a ƙofofin asibiti. Jan ƙwan da ake sayarwa da sunan fitilar dare kuma ba shi da wani amfani: an gina shi a kan zaton dabbar ba ta ganin jan haske, alhali bincike a kan wata tsakar mai yawon dare ya nuna tana bambance launi a duhun da idon mutum ya riga ya gaza. Dare ya zama dare.

Ƙarfin tasirin zafi a kan wannan halitta ya kai ga shi ke yanke jinsinta tun tana cikin ƙwai. Mace tana yin ƙwai biyu-biyu. Idan aka ƙyanƙyashe su a digiri 26, mata ake samu. A wajen 32 da rabi, maza sun fi yawa. Idan aka haura zuwa 34, sai mata su sake rinjaye. David Crews na Jami'ar Tezas da ke Austin da abokan aikinsa sun yi shekaru suna nazarin wannan al'amari a kanta, har suka nuna cewa zafin ƙyanƙyasa yana shafar halayyar dabbar bayan ta girma.

Akwai abin da ya kamata mai karatu a ƙasa mai zafi ya lura da shi. Littattafan kiwon nan a ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda damuwa ita ce yadda za a ƙara zafi. A garuruwa irin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, matsalar juyewa take yi: gefen sanyin ne zai gagara. A daji dabbar tana tsere wa irin wannan zafi ta shiga ƙarƙashin ƙasa; a akwatin gilashi babu inda za ta, kuma zafin da ya game ko'ina ya fi sanyi saurin kisa.

5.0 Abinci da Ƙarin Sinadarai

Ƙwari kawai take ci, kuma masu rai, domin motsi ne ke tada mata sha'awar farauta. Ba ta cin ganye ko 'ya'yan itace. Abin da ake kiwatawa domin ita ya haɗa da gyare da fara da tsutsar dusa da wani kyankyason Kudancin Amurka mai suna dubiya da tsutsar baƙin ƙuda. Tsutsar saƙar zuma kitse ce zalla, sai jefi-jefi, domin dabbar da ta saba da ita takan ƙi sauran. Ƙa'idar girma ita ce kada ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. Ƙarama kullum take ci, babba sau biyu ko uku a mako, da ruwa mai tsabta a faranti marar zurfi. Ƙwarin da aka kamo a gona ko bakin fitila suna iya zuwa da maganin feshi, kuma ƙwaron nan mai walƙiya da dare an san wasu ire-irensa da kashe ƙadangarun gida.

5.1 Kalsiyam

A nan ne babbar matsalar take. Dabba mai ƙashi tana bukatar kalsiyam ya rinjayi fosfaras a abincinta, abin da ake so shi ne kusan biyu ga ɗaya. Ƙwaro kuwa ba shi da ƙashi. Ɓawon jikinsa da wani sinadari daban aka gina shi. Don haka a jikin gyare da tsutsar dusa lissafin a juye yake, fosfaras ya ninka kalsiyam sau da dama. Tsutsar baƙin ƙuda ce kaɗai a cikin waɗanda aka ambata take da kalsiyam mai yawa. A daji giɓin yana cikewa saboda yawan nau'in abin da take kamawa, gizo-gizo da kunama da buzuzu har da ƙananan ƙadangaru masu ƙashi, kowanne da abin da ya ci a cikinsa da ƙurar da ke jikinsa. A gida kuwa, gyaren da ya kwana uku a kwali ba abinci ɓawo ne kawai da ruwa.

Dabara biyu ake haɗawa. Ta farko, a ciyar da ƙwarin kansu kwana ɗaya zuwa biyu kafin a miƙa su, da karas da kabewa da ganye masu duhun kore da garin da aka haɗa musamman mai yawan kalsiyam, domin abin da ke cikin ƙwaro shi ke shiga cikin tsaka. Tun a 1989 Mary Allen da Olav Oftedal suka nuna a Amurka cewa gyaren da aka ba abinci mai kalsiyam kashi 8 cikin ɗari na kwana biyu, ma'aunin sinadaran biyu a jikinsa yana daidaita. Ta biyu, a zuba ƙwarin a leda ko kofi da ɗan garin kalsiyam, a girgiza, a ba ta nan take. Jinkiri yana ɓata aikin, domin gyare yana goge garin daga jikinsa. Da yawan masu kiwo kuma suna ajiye ɗan murfin kwalba da zallar garin a cikin akwati, dabbar ta lasa in ta so, musamman mace mai ƙwai, wadda daga jikinta ake zare kalsiyam ɗin ɓawon ƙwan.

5.2 Bitamin D3 da Haske

Kalsiyam ɗin da aka haɗiya ba ya ratsa hanji ya shiga jini yadda ya kamata sai da bitamin D3. Hanyar samunsa biyu ce: ta abinci, ko ta fata. A fata akwai wani sinadari wanda idan sashen hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kansa, yakan rikiɗe zuwa matakin farko na bitamin ɗin. Ɗumin jiki ne ke ƙarasa shi, sannan hanta da ƙoda su mai da shi wanda jiki ke aiki da shi. A lura da wurin ɗumi a wannan jeri. Dabbar da ke cikin sanyi, ko an ba ta haske ko an ba ta gari, ba ta cin cikakkiyar moriyar ko ɗaya.

An daɗe ana cewa tsaka-damisa ba ta bukatar UVB tunda ba ta fita da rana, kuma gaskiya ne an kiwata zuriya bayan zuriya da garin D3 kaɗai. Amma binciken da Dennis Oonincx da abokansa suka buga a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka ba ɗan hasken UVB sun fi yawan bitamin ɗin a jininsu, ko da yake waɗanda suka samu ta abinci kaɗai su ma sun girma lafiya a watannin da aka yi ana gwajin. Ma'ana, fatarta tana iya wannan aiki. An kuma sha ganin ta kwance a bakin maɓoya ta miƙo jela ko ƙafa ɗaya cikin haske, sauran jiki a ɓoye.

Fifikon haske a kan gari yana cikin wani abu guda. Fata tana da birki: idan bitamin ya isa, sai ƙarin hasken ya riƙa mai da ragowar zuwa abin da ba ya aiki. Gari ba shi da wannan birki. D3 a kitse yake narkewa, jiki ba ya zubar da rararsa cikin sauƙi, kuma idan ya yi yawa kalsiyam yakan taru a jijiyoyin jini da ƙoda. Ga mai dogaro da gari kaɗai, D3 ya zama ƙadangaren bakin tulu: a rage ƙashi ya lalace, a ƙara ƙoda ta lalace, kuma babu wanda ke iya auna abin da ya manne a jikin gyare guda. Wanda ya sa fitilar UVB sai ya rage garin D3 ƙwarai. Fitilar marar ƙarfi ake so, domin a rabe-raben da aka gina kan aikin Gary Ferguson na 2010, wannan dabba tana rukunin farko, na mazauna inuwa. Zabiya ma sai an ƙara sassauta mata. Gilashi yana tare UVB, don haka ajiye akwati a bakin taga ba ya ba da komai sai haɗarin zafi. Kuma fitilar tana daina fitar da shi tun tana ci gaba da haskakawa, shi ya sa ake sauya ta bayan wata shida zuwa shekara, gwargwadon irinta.

5.3 Bitamin A

Ƙwarin kiwo ba su da wadatar bitamin A. Ƙarancinsa yana bayyana a ido da fata: ido ya riƙa tara datti har ya rufe, saɓa ta riƙa maƙalewa ko da akwai danshi, dabbar ta daina ganin abin farauta ta daina ci. Garin haɗakar bitamin sau ɗaya a mako ko mako biyu yakan rufe wannan ƙofa. Shi ma a kitse yake taruwa, don haka yawansa illa ne.

6.0 Inda Sarƙar ke Tsinkewa

Jijiya da tsoka da zuciya ba sa aiki sai da kalsiyam a jini, kuma jiki ba ya yarda mizaninsa ya faɗi. Idan abinci bai kawo ba, wasu ƙananan ƙullutu a wuya sukan saki sinadarin da ke narko shi daga ƙashi. Dabbar tana ci, tana yawo, mai ita bai ga komai ba, alhali ƙashinta ake ci ana biyan bashin jini. Bayan makonni ko watanni alamun su fito: yatsu na rawa, tafiya ta koma jan ciki domin ƙafafu sun kasa ɗaga jiki, gwiwoyi su lanƙwashe, gadon baya ya karkace, muƙamuƙi ya yi laushi kamar roba har ta kasa riƙe ƙwaro. Daga nan yunwa ta haɗu da ciwon. Ƙanana masu girma da mata masu ƙwai su ne kan gaba wajen kamuwa, macen ma ƙwan yakan maƙale mata.

Abin da ya sa wannan ciwo na laushin ƙashi ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ba shi da sanadi ɗaya. Mutum zai iya barbaɗa kalsiyam a kowane abinci dabbarsa ta kamu, domin babu D3. Wani yana da duka biyun, amma tabarmar lantarkinsa ta mutu tun watan jiya bai auna ba. Wani komai nasa daidai ne, sai dai maɓoya ɗaya ce kuma tana gefen sanyi, ko kuwa wata tsakar ta hana wannan kusantar ɗumi. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa, kafin ya ɗauki hoton ƙashi, yakan fara da tambayar girman akwati, da zafin kowane gefe da abin da aka auna shi, da ranar da aka sayi fitila, da sunan garin da ake barbaɗawa. Ƙaramin sikelin kicin da littafin rubuta nauyi duk mako biyu sukan nuna raguwa tun kafin ido ya gani.

Idan an farga da wuri, ana ba da ruwan kalsiyam ta baki ko allura, a ciyar da ita da sirinji in muƙamuƙin ya gaza, a gyara zafi da haske, kuma ƙashin yakan sake tauri cikin watanni. Sai dai yana tauri ne a yadda ciwon ya bar shi. Ƙafar da ta lanƙwashe ba ta miƙewa, kuma irin wannan dabba takan yi sauran shekarunta, waɗanda za su iya kai goma ko fiye, a akwatin da aka cire wa duk abin hawa, ana miƙa mata ƙwaro da hantsaki.